Masauki a Kowane Gari

Shekara talatin ke nan da ɗaura auren yayata Madina da Abdulghaffar, kuma ban taɓa jin an ce sun ci abinci su biyu ba. Ni ƙanwarta ce, Zubaidatu, a gidan nake zaune, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Gidan yana unguwar Ammariyya a Jidda, a saman wani tsohon bene. Mahaifin Abdulghaffar ya zo aikin hajji yana saurayi, jirgin ruwa ya sauke shi a Jidda bai san kowa ba, wani bawan Allah ya buɗe masa ƙofa. Tun daga ranar ya rantse tasa ƙofar ba za ta ga sakata ba. Da ya rasu, ƙofar da rantsuwar ya bar wa ɗansa, ban san ya bar wani abu bayansu ba. Don haka duk wanda ya zo umara daga Kano ko Damagaram ko Katsina, za ka samu yana riƙe da lambar Abdulghaffar: wanda jirginsa ya makara, wanda jakarsa ta ɓata, wanda ya rako marar lafiya, har da wanda shi kansa bai san abin da ya kawo shi ba. Baƙonka annabinka, in ji shi, a shimfiɗa katifa. Yaya Madina washegarin da aka kai ta ɗakin miji, da lallenta da komai, ta fito ta tarar da wasu alhazai a falo suna jiran shayi.

Ni dai ba na cikin lissafin baƙi. Na zo ne bayan na fita takabar mijina, in ɗan huta, Allah bai nufa in koma ba. 'Yar gida ce ni, har kofina nake da shi, mai bakin zinariya, ba wanda yake taɓa shi.

Aikin Abdulghaffar shi ne tsara motocin da ke kwasar alhazai daga filin jirgi. A saninsa, tafiya ita ce wani ya miƙa ka, wani ya karɓe ka. Bai taɓa sakin mota ba sai ya ji muryar wanda zai tarbe ta a can. Wannan hali ne mai kyau in alhazai kake korawa, kuma shi ne ya kusa cinye mana bikin.

Dalal, 'yarsu, ita ta kawo maganar. Tana aiki a wani ofishin tafiye-tafiye a Aziziyya, kuma Hausarta irin ta yaran nan ce, tana ji sarai amma in za ta yi sai ta ranto rabi daga Larabci. Ta zo ran wata Asabar ana cin abincin rana, ta tsaya a bakin falo.

"Abuya, Ummi, halas, mun gama magana da yaya Muath. Za ku tafi Turai, sati biyu. Hadiyya ce, ta shekara talatin ɗin aurenku."

Abdulghaffar ya ajiye lomarsa. "Wa ya rasu a can?"

"Ba wanda ya rasu, Abuya."

"To wa za a aurar?"

"Ba kowa. Ya'ani ku je ku huta, ku gani, ku dawo."

Ya dubi baƙin da ke zaune, wasu tsofaffi biyu 'yan Maraɗi, ko za su taimaka masa da fassara. Su ma ba su gane ba, amma suka ce Allah ya yi wa yarinya albarka.

Yaya Madina ta hau tattara kwanuka. Sai da muka shiga kicin na ga ta wanke tukunya ɗaya sau biyu, ta ɗauko ta za ta yi na uku. Na ƙwace.

"Yaya, ashe haka kike son Turai?"

"Ni ina ruwana da Turai, Zubaida? Ko nan Bahra, bayan gari, aka ce, zan je." Ta goge hannunta a gefen zani. "So nake wata rana in zuba shayi kofi biyu, in ajiye butar."

Ban taɓa jin ta nemi wani abu don kanta ba sai ranar, kuma maganar ta taɓa ni sosai. Na ce mata in dai ina numfashi, za ta ajiye butar nan.

Dalal ta tsara tafiya tiryan-tiryan. Za su sauka a Paris, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Suwizaland su ga duwatsu masu ƙanƙara, sai garin nan na Italiya da ake yawo a kwale-kwale, a ƙare a Rum. Kafilin uban, wato ubangidansa a wurin aiki, ya ba da hutu, iƙamarsu ta zaman ƙasa ba ta kusa ƙarewa ba, saura biza. Yaya Madina ta ja ni kasuwar Balad muka sayo rigar sanyi mai kauri, launin makuba. Da zafin Jidda ta gwada ta a ɗaki, ta tsaya gaban madubi tana gumi tana murmushi.

Abdulghaffar ya saurari tsarin har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya yi tambayar da muka san zai yi.

"In mun sauka, wa zai tarbe mu?"

"Taksi, Abuya."

"Ɗan wa ne?"

Dalal ta ce ba ɗan kowa ba ne, zai kai su otal ne kawai. Nan fuskarsa ta canza. A wurinsa otal wurin kwanan wanda bai da mutane ne, kuma a ce Abdulghaffar na Ammariyya bai da mutane, gara a zage shi a kasuwa. Ya ce ta riƙe jirgi da biza, maganar masauki a bar masa, aikinsa ne.

Mu kuwa muka bar masa. Wautarmu ke nan.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, mutanen da suka kwana a falonmu tsawon shekarun nan ba duka suka zauna a gida ba. Da yawa sun watsu a duniya, kuma ba wanda ya manta. Ya fara da Hussaini, wani ɗan Kano da ya taɓa yin azumi guda cur a kan katifarmu, yanzu yana sayar da tsofaffin motoci a Hamburg. Ina jin su ta waya, Hussaini har da kuka. Ya ce in Alhaji ya taka ƙasar Turai ya kwana a otal, shi kam bai yafe ba duniya da lahira. Daga Hussaini aka samu lambar Zaharadden a kusa da Napoli, daga Zaharadden aka samu Saudatu, ma'aikaciyar jinya a Beljiyam, wadda Yaya Madina ta yi jinyar uwarta a ɗakina. Kafin sati ya zagayo, Turai gaba ɗaya ta san muna tafe.

Sai tafiyar ta fara lanƙwashewa. Suwizaland ita aka fara yankewa, don an bincika ba a samu kowa ba. "Ba mutane a can," in ji shi, ya wuce. Garin kwale-kwale ya ce ai wannan ambaliya ce, Allah ya kyauta musu. Paris ta rage saura tashar jirgin ƙasa, inda ɗan ƙanen wani zai kawo musu abinci a kula kafin su wuce. Hamburg, wadda ba ta cikin zancen tun farko, ta cinye kusan rabin tafiyar.

Unguwa ma ta ji. Maƙwabta suka dinga hawowa da saƙo: dabino na ɗan wance, turaren wuta na 'yar wane, darduma, abaya, har da wata tsohuwa da ta kawo ƙullin magani ta ce a ba jikanta, yana Turai, ba ta san garin ba amma dogo ne.

Ran da ya kammala, da kansa ya sanar a kan abinci, fuskarsa tana sheƙi kamar wanda ya sauke alhazan shekara ba a rasa ko jaka ɗaya ba.

"Umm Muath, alhamdu lillahi, ba daren da za mu kwana a hannun baƙon ido. Hussaini ya ɗage sunan ɗansa sai mun je. Zaharadden yana da wasu 'yan kasuwa biyu da ba sa ga maciji, zan sasanta su. Ni ina falo da maza, ke kina ciki da mata, kamar dai a gida."

"Madalla," in ji Yaya Madina.

"Kuma matan Hamburg sun ce tun da suka ci shinkafarki da madara ba su sake cin irinta ba. Sun haɗa hannu sun sayi babbar tukunya, suna jiranki."

"Madalla," ta sake cewa. Ta tashi ta kwashe kwanuka, alhali ba a gama ci ba.

Da yamma na shiga ɗakina na tarar da rigar sanyin a ninke a kan gadona. Na kai mata, ta ce in riƙe, a kicin ba a jin sanyi ko a wace ƙasa ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ɓata mini rai. Dalal ta zo ta yi wa ubanta faɗa da Larabci har muryarta ta dishe. Ya bar ta ta gama, ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, yarinya ba za ta gane ba.

To, ni ƙanwar mata ce, akwai wasa tsakanina da shi, kuma abin da ba ya faɗuwa a bakin 'ya yana faɗuwa a nawa. Washegari na tare shi a matakala yana dawowa da burodin tamis mai zafi, tari guda a hannu kamar kullum.

"Yaya Abdulghaffar, tambaya gare ni. Matarka za ka kai Turai, ko mai girki za ka kai wa Hussaini?"

"Zubaida, yalla, matsa, burodi zai huce."

"Ya huce. Jiya ma bai ƙare ba."

Na faɗa masa maganar kofi biyu da buta, yadda ta faɗa mini, ban ƙara gishiri ba. Ya tsaya yana kallon burodin. Na ɗauka zai kawo mini annabci da danƙo, amma sai ya raɓa ni ya hau.

Ranar ya fara kiran waya, kuma na tausaya masa, ban ɓoye ba. Mutumin da bai taɓa ce wa kowa a'a ba, kalmar ta dinga fita daga bakinsa kamar ana cire masa haƙori. Saudatu ta fahimta nan take, ta ce dama ita ta yi mamaki. Zaharadden ya ce to su waɗannan biyun wa zai raba su? Hussaini ne ya fi wuya, sai da aka yi kira uku, aka rabu a kan za a raɗa wa yaro sunan Abdulghaffar ko ya zo ko bai zo ba. Tukunyar kuwa an ce za a ajiye, ba ta ruɓewa. Aka mayar wa maƙwabta saƙonsu, ban da tsohuwa mai magani, wadda ta ce a riƙe ko za a gamu da shi a hanya. Dalal ta dawo da Suwizaland da ambaliyar.

Na ɗauka an gama. Sai ga shi bayan 'yan kwanaki ya kira ni gefe, yana murmushin wanda ya warware matsala.

"Zubaida, na yi tunani. Zan ce wa Dalal ta ƙara tikiti ɗaya. Ke za ki bi mu."

"Ni?"

"Ke. Ai ke ba baƙuwa ba ce. Yayarki ta samu abokiyar hira."

Zan faɗi gaskiya, raina ya biya. Iyakar tafiyata a duniya Ɗa'ifa ce, kuma tun ina yarinya nake son in ga ƙanƙara tana zubowa daga sama, in tara hannu. Na ce masa zan yi shawara. Na shiga ɗaki na rufe, na ɗauko rigar makubar nan na saka. Ta zauna mini daram, kamar da ni aka auna.

Ina cikin rigar na ji ƙarar kofuna, na leƙa. Yaya Madina ce take jera tiren shayin la'asar. Ranar an yi sa'a baƙi sun tafi Makka, gidan ba kowa. Ta ajiye nasa, ta ajiye nata, sannan hannunta ya miƙa da kansa, ko duba wurin ba ta yi ba, ya ɗauko mai bakin zinariya ya ajiye a tsakiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na koma na cire rigar, kunya ta ishe ni.

Na same shi a falo shi kaɗai, yana zaune a gefen tarin katifu.

"Ba za ni ba."

"Haba Zubaida."

"Ba za ni ba, kuma in ka sake nemo wani, ko limamin unguwa ne, sai na ɓoye fasfonsa. Amma faɗa mini, me kake gudu?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi, yana duban ƙofar kicin.

"Sati biyu fa, Zubaida. Me zan ce mata? In na tambaye ta lafiyar yara, kafin jirgi ya tashi mun gama. Duk hirar da muka taɓa yi ta baƙi ce: wa ya zo, wa zai tafi, shinkafa za ta isa ko a ƙara. Ina tsoro ne. Kada ta zauna da ni ta ga ashe ba ni da komai sai baƙi."

Na zo da shirin faɗa, sai na rasa inda zan sa shi. Ga mutum da furfura, wanda direbobi ke rawar jiki in sun ji muryarsa, yana tsoron matarsa kamar saurayi ran zancen farko. Na ce masa ba a koyon iyo a tsakiyar teku, za mu gwada a gida tukuna.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na sa Muath ya aro mota babba ya kwashe duk wanda ke gidan, ya kai su bakin teku su ci kifi, kada ya dawo sai magariba. Saura ƙofa. Abdulghaffar ya ce ko kusa, rantsuwar mahaifinsa tana nan. Na ce tsoho ya ce ƙofar ba za ta ga sakata ba, bai ce ba za ta ga Zubaidatu ba. Na ɗauki kujera 'yar tsugunne da kofina da ɗan burodi, na sauka na zauna a kwanar matakala.

Akwai wata 'yar taga a falon da ke buɗewa ta wajen matakalar. Ba don ita na zaɓi wurin ba, amma ban matsa ba.

Shiru. Na ji an ajiye tire. Shiru kuma. Ya yi gyaran murya, na ce to bismilla, sai ya sake yin wani gyaran muryar. Na ji ya ce yau akwai zafi, ta ce akwai. Na fara tunanin ko dai mutumin ya fi mu sanin kansa, ko na jawo wa yayata abin da ya fi tukunyar Hamburg ciwo.

Ana cikin haka sai ga wani dattijo yana hawowa da akwati, yana haki, takardar filin jirgi tana lilo a hannun akwatin.

"Salamu alaikum. Hajiya, nan ne gidan Alhaji Abdulghaffar? An ba ni lambarsa, ba ta shiga."

"Nan ne. Amma sai ka ɗan jira, Alhaji, yana da baƙuwa."

Ya ce ba komai. Na ba shi kujerar, na zauna a kan matakala, na raba burodin biyu. Kofin ma na miƙa masa, mai bakin zinariyar, na ce ya sha ruwa.

Sai muka ji muryar Abdulghaffar daga sama, tare da ƙarar cokali.

"Umm Muath, kawo in zuba miki. Sukari cokali nawa?"

"Ba na sha da sukari."

"Tun yaushe?"

"Tun ina da cikin Dalal."

Cokalin ya tsaya. Na runtse ido, don Dalal ɗin nan yanzu ita ke yanka wa mutane tikiti.

"Me ya sa?" in ji shi.

Sai ta fara ba shi labari. Wai wata rana sukari ya yi kaɗan, ga baƙi cike da falo, ta sha nata haka nan, sai ta ga ba ta mutu ba. Ya tambaye ta waɗanne baƙi ne. Ta ce ya bar zancen baƙi, ita take ba da labari. Ya ce to. Daga nan muryarta ta sauka ban ƙara jin kalmomin ba, sai dai ba ta tsaya ba, shi kuma jefi-jefi yana cewa, "Sai kuma aka yi yaya?" Can sai na ji ta yi dariya, irin wadda take yi tun muna yara a gidanmu, mai ƙarewa da tari. Na manta tana da ita. Hawaye suka zubo mini, na farin ciki, da ɗan na ƙanƙarar da ba zan gani ba.

Dattijon ya cinye burodinsa, ya kakkaɓe hannu, ya ɗaga kai ya dubi tagar.

"Hirar tasu ta yi daɗi. Baƙuwar daga nesa ta zo?"

"Daga kicin," na ce masa. "Shekara talatin tana hanya."